Uludag, Erjiyes ko Palandoken: Wane Dutse Ya Dace da Mai Son Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara a Turkiyya?

Duk shekara, da zarar watan Disamba ya kama, tambaya ɗaya ce ke yawo a tsakanin ɗalibanmu da ke karatu a jami'o'in Turkiyya da 'yan kasuwar da ke zuwa Istanbul saro kaya da iyalan da ke kawo yara hutu, wato wane dutse ya kamata a nufa idan ana son a ga dusar ƙanƙara da ido, a kuma gwada wasan zamiya a kanta da alluna ɗaure a ƙafa, wanda Turkawa ke kira kayak. Amsar da aka fi bayarwa ita ce Uludag, domin shi ne sunan da kowa ya sani, kuma yana kusa da Istanbul. Amma suna da kusanci ba su ne ke kawo dusar ƙanƙara mai kyau ba. Abubuwa biyu ne ke yanke hukunci a wannan sha'ani, tsayin dutsen da kuma nisansa daga teku, kuma idan aka ɗora manyan wuraren zamiya uku na ƙasar a kan wannan ma'auni, wato Uludag na Bursa da Erjiyes na Kayseri da Palandoken na Erzurum, sai a tarar kowanne yana da mutumin da ya dace da shi, kuma kuskuren zaɓi yana iya cinye kuɗin tafiya da kwanakin hutu gaba ɗaya.

Dalilin da ya sa tsayi ke da wannan muhimmanci mai sauƙin fahimta ne. A mafi yawan lokaci, duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, saboda haka gajimaren da ke zubar da ruwan sama a gindin dutse shi ne ke zubar da dusar ƙanƙara a samansa. Teku kuwa yana riƙe ɗumi, yana kuma cika iska da danshi, don haka dutsen da ke kusa da shi yakan sami dusa mai yawa idan hadari ya zo, amma mai nauyi ce da ta jiƙe, wadda ke dunƙulewa a hannu, ta narke da rana, ta daskare da dare ta koma kamar gilashi. Dutsen da ke can tsakiyar ƙasa yakan sami dusa busasshiya mai laushi kamar garin tuwo da aka tankaɗe, wadda ba ta dunƙuluwa, kuma takan daɗe a haka saboda sanyin wurin ba ya sassautawa. Mai koyo ne ya fi kowa jin wannan bambanci a jikinsa, domin shi ne zai yi ta faɗuwa, kuma faɗuwa a kan dusa mai laushi daban take da faɗuwa a kan ƙanƙarar da ta sandare.

Uludag yana kudu da birnin Bursa, ƙololuwarsa ta kai mita 2,543, kuma an mai da shi gandun da gwamnati ke karewa tun 1961. Otel-otel ɗinsa suna zaune ne a kimanin mita 1,800, na'urorin da ke ɗaukar mutane zuwa sama kuma suna tsayawa a wajen mita 2,300. Babbar falalarsa ita ce sauƙin isa. Daga Istanbul mutum zai iya shiga jirgin ruwa ya tsallaka tekun Marmara zuwa Mudanya, ko ya bi mota ta gadar Osmangazi da aka buɗe a 2016, cikin kimanin awa biyu ya iso Bursa. Daga unguwar Teferruc da ke gefen birnin akwai motar igiya, wadda suke kira teleferik, da aka fara aiki da ita a 1963 aka kuma sabunta ta shekaru hamsin bayan haka, tana tafiyar kusan kilomita 9 a sararin sama har zuwa inda otel-otel suke. Wannan hawa shi kaɗai ya isa abin zuwa gani. Mutum zai tashi daga cikin gari inda ƙasa take baƙa ana ta yayyafi, ya bi ta saman daji, yana kallon yadda rassan itatuwa ke fara yin fari kaɗan-kaɗan, kafin rabin awa ya sauka a wurin da komai ya lulluɓe, ƙarar takun ƙafa ma ta canza.

Akwai kuma itatuwa a gefen hanyoyin zamiya na ƙasa-ƙasa, abin da ba a cika samu a sauran duwatsun biyu ba, kuma itace yana da amfani fiye da ado, domin yana tare iska, yana kuma taimaka wa ido ya gane gangare a ranar da hazo ya sauko. Galibin hanyoyin gajeru ne masu sauƙi. Bursa kanta gari ce da Musulmi zai so ya kwana biyu a cikinta, ita ce babban birnin Daular Usmaniyya na farko bayan Orhan Gazi ya ci ta a 1326, kuma babban masallacinta, Ulu Jami, mai ƙubba 20, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 14 zamanin Sarki Bayazid na ɗaya, yana nan ana salla a cikinsa har yau. Saboda yawan baƙi daga ƙasashen Larabawa, wanda ke jin Larabci ba zai rasa mai fahimtarsa ba a tasha ko a shagon hayar kaya.

Sai dai duk wannan falala tana tafe da nakasu biyu masu girma. Na farko shi ne yanayi. Uludag yana fuskantar wata iska mai ɗumi da ke tasowa daga kudu maso yamma, wadda mutanen yankin ke kira lodos, kuma idan ta kwana biyu tana kaɗawa takan cinye dusar da aka yi mako ana tarawa, ta kuma tilasta a dakatar da motar igiyar saboda ƙarfinta. Hazo ma yana yawan rufe dutsen, har mutum ya kasa ganin wanda ke gabansa da 'yan taku. A lokacin sanyi na ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, dusar ta yi jinkiri ƙwarai, aka shiga Janairu hanyoyi da dama suna fili, masu otel suna kallon sama. Injinan da ke fesa dusa ta roba ba sa magance wannan matsala gaba ɗaya, domin su ma ba sa aiki sai sanyi ya sauka ƙasa da sifili da 'yan digiri, kuma ranar da lodos ke kaɗawa babu wannan sanyin. Nakasu na biyu shi ne cunkoso da tsada. Dutse ne da miliyoyin mutanen Istanbul da Bursa ke iya kaiwa cikin yini ɗaya, saboda haka Asabar da Lahadi layin jiran na'ura yakan ci lokaci fiye da zamiyar kanta, farashin ɗaki da abinci kuma shi ne mafi tsauri a cikin ukun. Ya kamata mai tafiya da iyali ya sani kuma cewa wani ɓangare na sunan Uludag daga shagalin dare ya samo shi, da kiɗe-kiɗe da bukukuwan matasa a wasu otel-otel, don haka sai an zaɓi masauki da lura.

Erjiyes, wanda a tikiti da allunan hanya za a ga an rubuta Erciyes, wani abu ne daban tun daga siffarsa. Tsohon dutse ne mai aman wuta da ya yi shiru, tsayinsa mita 3,917, shi ne mafi tsawo a tsakiyar Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya, yana tsaye shi kaɗai a kudu da Kayseri da nisan kimanin kilomita 25, ta yadda duk inda mutum ya tsaya a cikin garin idan ya ɗaga kai zai gan shi. Wurin zamiyar yana farawa ne daga kimanin mita 2,100 zuwa 2,200, ya hau har sama da mita 3,300. Wato gindinsa ya kusa kai inda na'urorin Uludag ke ƙarewa. Domin mai karatu ya kwatanta da abin da ya sani, Chappal Waddi da ke jihar Taraba, wanda shi ne dutse mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne, saboda haka mai hawa na'urar sama ta Erjiyes ya ɗara ƙololuwar Nijeriya da kusan kilomita guda.

Abin da ya fi burge ni game da Erjiyes shi ne tsari. An gina shi ne bisa shiri guda, kamfanin da hukumar birnin Kayseri ta kafa shi ke gudanar da dutsen baki ɗaya, kuma kati ɗaya ne ke buɗe dukkan na'urori. Ƙofofi huɗu ne ake shiga ta cikinsu, Tekir da Develi da Hisarjik da Hajilar, an kuma haɗa su da hanyoyin zamiya da jimillar tsawonsu ta haura kilomita 100, abin da babu wani wuri a Turkiyya da ya kai. Ƙofar Tekir ita ce ta masu koyo da iyalai, gangarenta mai faɗi ne mai sauƙi, akwai filin da aka keɓe wa yara masu wasa da keken zamiya na zaune domin kada su cakuɗa da masu gudu. Ɓangaren Hajilar ya fi tsauri, can ne ƙwararru ke nufa. Tun daga 2016 dutsen ya sha karɓar gasar cin kofin duniya ta zamiya da allo guda, wanda hakan shaida ce cewa ana kula da hanyoyinsa bisa ƙa'idar duniya. Yana kuma da injinan fesa dusa masu yawa, kuma a nan suna da amfani na gaske, domin sanyin dare a wannan tsayi yana ba su damar aiki tun farkon kakar zamiya.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba, wadda a ganina ta fi sauran muhimmanci ga baƙo daga ƙasa mai zafi. Birnin Kayseri yana kan mita 1,050 ne kacal, bai ma kai Jos tsayi ba, kuma tsakaninsa da dutsen tafiyar rabin awa ce ko fiye kaɗan a kan titi mai kyau. Ke nan mutum zai iya kwana a cikin gari a otel mai sauƙin kuɗi, ya ci abincin gari, ya hau dutse da safe ya sauko da yamma, jikinsa ya huta a inda iska ke da kauri. Kayseri gari ne na 'yan kasuwa masu riƙo da addini, ya shahara da mantı, wato ƙananan ƙulli na fulawa da nama a ciki da ake zuba wa kindirmo da tafarnuwa, da kuma pastırma, busasshen naman sa da aka shafe da yaji, wanda duk Bahaushen da ya ɗanɗana zai tuna da kilishi duk da cewa hanyar yinsu ta bambanta. Idan kuma aka wayi gari an rufe dutsen, Kapadokiya mai gidajen da aka sassaƙa cikin duwatsu tana nan tafiyar kimanin awa guda, ranar ba za ta tafi a banza ba.

Maganar rufe dutse kuwa ba zato ba ce, ita ce babbar illar Erjiyes. Dutse ne tilo a fili fetal, babu itace ko ɗaya a wurin zamiyar, babu wani dutsen da zai tare masa iska, don haka idan guguwa ta taso sai a dakatar da na'urorin sama, wani lokacin har da na tsakiya. Iskar takan kuma share dusa daga kan tudu ta tara ta a kwari, ta bar duwatsu a buɗe a wasu wurare, musamman a farkon kaka ko a shekarar da hadari ya yi ƙaranci, domin tsakiyar Anatoliya yanki ne mai ƙarancin ruwan sama. Ranar da gajimare ya sauko, rashin itatuwa yakan sa sama da ƙasa su zama fari ɗaya, har mai zamiya ya rasa gane ko tafiya yake ko tsaye. Saboda haka wanda ya ware wa Erjiyes kwana biyu kacal yana cikin kasada, amma wanda ya ware kwana huɗu ko biyar da wuya ya rasa ranaku masu kyau a ciki. Mai koyo shi ne wannan illa ta fi yi wa sauƙi, tunda filin da yake buƙata yana ƙasa, kuma shi ne na ƙarshe da ake rufewa.

Palandoken yana can gabas mai nisa, a bakin birnin Erzurum, tafiyar kimanin awa biyu a jirgin sama daga Istanbul. Erzurum kanta tana zaune a kan kusan mita 1,900, wato titunan garin sun fi otel-otel na Uludag tsayi, dutsen kuma yana tashi ne daga ƙarshen unguwannin kudu, ta yadda daga filin jirgi zuwa gindinsa bai fi minti 20 zuwa 30 a mota ba. Hanyoyin zamiya suna farawa daga kimanin mita 2,200 su kai sama da 3,100 a ƙololuwar da ake kira Ejder. Gangaren yana kallon arewa, rana ba ta dukansa kai tsaye, teku yana bayan wasu jerin duwatsu, sanyi kuma yana kamawa da wuri ya daɗe bai saki ba. Waɗannan dalilai ne suka sa dusarsa ta fi ta sauran bushewa da laushi, kakarsa kuma takan fara daga Disamba ta kai har Afrilu. Idan tambayar ita ce ina ne mutum zai sayi tikiti tun wata biyu kafin tafiya hankalinsa a kwance cewa zai tarar da dusa, to Palandoken ne amsa.

Garin ya karɓi gasar wasannin sanyi ta ɗaliban jami'o'in duniya a farkon 2011, ya kuma karɓi bikin wasannin Olamfik na matasan Turai na lokacin sanyi a 2017, kuma domin gasar farko ne aka gina wani wurin zamiya na biyu a Konakli da ke kusa, da hasumiyoyin tsalle da ake hangowa daga cikin gari. Otel-otel da yawa suna kan gangaren kansa, mutum zai ɗaura takalmansa a bakin ƙofa ya zame, ya kuma dawo har bakin ƙofar ba tare da ya hau mota ba, kuma ana kunna fitilu a wasu hanyoyi domin zamiyar dare. Hanyoyin sama dogaye ne masu tsauri, su ne abin alfaharin wurin, su ne kuma dalilin da ya sa wanda ya riga ya iya yake fifita shi. Akwai filin koyo a ƙasa, amma bai kai na Tekir faɗi da yalwa ba, kuma mai koyo yakan ji an matsa masa ya wuce zuwa gangaren da ya fi ƙarfinsa tun bai shirya ba.

Farashin wannan dusa mai kyau shi ne sanyi, kuma ina roƙon mai karatu kada ya auna shi da hunturun Kano ko na Damagaram, wanda ko a tsakiyarsa ruwa ba ya daskarewa a randa. A Erzurum, dare a watan Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili. Gashin hanci yana daskarewa da numfashin farko, batirin waya yakan mutu cikin mintoci idan ba a ɓoye shi a aljihun ciki ba, yatsan da aka fitar daga safar hannu domin ɗaukar hoto kuma yakan fara zugi nan take. Mutanen garin suna da nasu maganin. Idan mutum ya shiga ɗakin shan shayi zai ga an kawo masa baƙin shayi a ƙaramin kofin gilashi tare da gutsuren sukari mai tauri, ba a jefa shi a ciki, ana sa shi ne a baki a riƙa kurɓar shayin ta kansa, abin da suke kira kıtlama, kuma ba a daina cika kofin sai baƙo ya nuna ya ƙoshi. Akwai naman rago da ake gasawa a kwance a gefen wutar itace mai suna jag kebab, akwai makarantar Cifte Minareli mai hasumiya biyu da ta kai ƙarni na 13, akwai kuma tsohon masaukin fatake na Rustem Pasha inda ake sayar da carbi na baƙin dutsen Oltu, wanda ke ƙara sheƙi gwargwadon yadda ake ja da shi, tsarabar da ta dace da mahaifi ko malami.

Kafin a yi maganar kuɗi ko kwanan wata, akwai batun lafiya da ya shafe mu fiye da yadda ya shafi Baturke ko Bature, kuma takardun tallan wuraren nan ba za su ambace shi ba. Tsananin sanyi da ƙarancin iskar shaƙa a kan tsauni da ƙishirwar da ba a ji suna daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, kuma dukkansu suna haɗuwa a wurin zamiya. Mai ɗauke da SS bai kamata ya nufi ɗayan waɗannan duwatsu ba sai da izinin likitansa. Mai AS ma, wanda a gida ba ya jin komai, an san cewa hawa tsauni mai tsayi da motsa jiki mai tsanani yana iya taɓa masa saifa, alamar kuma ita ce ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari, wanda idan ya zo sai a sauko nan take a nemi asibiti. A wannan fuska jerin ya juye: Uludag ne mafi sauƙi, sai Erjiyes ga wanda zai kwana a cikin Kayseri ya tsaya a filin Tekir, Palandoken kuma shi ne mafi nauyi domin ko barci a sama ake yinsa. Hasken rana da dusa ke maidowa yana ƙona ido, yana ƙona fata ko da baƙa ce, saboda haka tabarau na musamman da man kariya ba kayan ado ba ne. Hular kwano wajibi ce. Lambar neman agaji a duk ƙasar ita ce 112, kuma a manyan wuraren zamiya akwai jami'an ceto na jandarma. Ya kamata a tabbata inshorar tafiya ta ambaci wasannin sanyi da sunansu, domin da yawa daga cikin na yau da kullum ba sa biyan karayar da aka samu a kan gangare.

Alamomin hanya iri ɗaya ne a wuraren uku, kore ga sabon shiga, shuɗi ga mai sauƙi, ja ga matsakaici, baƙi ga ƙwararre, kuma igiya ko tutar da aka kafa a gefen hanya iyaka ce ta gaske. A Disambar 2024 zaftarewar dusar ƙanƙara a Palandoken ta yi ajalin wani matashin ɗan wasan judo da ke atisaye a kan dutsen tare da abokansa. Game da masauki kuwa, babu wanda zai yi maganar wuraren zamiya na Turkiyya yanzu ya tsallake abin da ya faru a Kartalkaya da ke lardin Bolu ranar 21 ga Janairun 2025, lokacin da gobara ta tashi cikin dare a wani otel mai hawa 12, ta kashe mutum 78, da yawansu yara ne da iyayensu suka kawo hutun makaranta. Duk dutsen da mutum ya zaɓa, ya tambayi otel game da ƙararrawar gobara da matakalar fita tun kafin ya biya, ya nemi ɗaki a hawa na ƙasa-ƙasa, kuma daren farko ya ɗauki yaransa su taka hanyar fita da ƙafarsu har waje. A nan ma kwana a cikin gari, kamar yadda Kayseri da Erzurum da Bursa duk suke ba da dama, yana da fa'idar kusanci da 'yan kwana-kwana da asibiti.

Lokacin tafiya yana iya gyara zaɓi ko ya ɓata shi. Makarantun Turkiyya suna hutun tsakiyar shekara na mako biyu a ƙarshen Janairu, kuma a wannan lokaci duk duwatsun suna cika, farashi ya hau, malaman koyarwa su yi wuyar samu. Daga makon da ke biye da hutun har zuwa farkon Maris shi ne mafi kyau, dusa ta taru, rana ta fara tsawo, jama'a sun ragu, musamman daga Litinin zuwa Alhamis. Wanda ba shi da dama sai a hutun ƙarshen Disamba, kamar yawancin iyalan da ke tasowa daga Abuja ko Yamai, ya sani cewa a lokacin ne Uludag ya fi rashin tabbas, Palandoken kuma ya fi tabbas. A 'yan shekarun nan azumin Ramadan yana faɗowa ne cikin kakar zamiya, yana kuma matsowa zuwa tsakiyarta, kuma ko da yake yinin sanyi gajere ne, busasshiyar iskar tsauni tana zuƙe ruwan jiki ba tare da mutum ya ji ƙishi ba, don haka mai azumi ya taƙaita zamiyarsa zuwa safiya. Ƙasar duka agogo ɗaya take bi, yana gaban na Nijeriya da Nijar da awa biyu, saboda haka a Erzurum da ke gabas rana takan faɗi kafin ƙarfe biyar a Disamba, kusan minti 50 kafin ta faɗi a Bursa, kuma tazarar da ke tsakanin Azahar da La'asar da Magariba takan matse ƙwarai. Yin alwala tun daga masauki kafin a ɗaura takalman zamiya, waɗanda cire su da mayar da su aiki ne, yana sauƙaƙa wa mutum yininsa.

Ta fuskar kuɗi, darajar lira, kuɗin Turkiyya, tana sauyawa har farashin bara ba ya zama jagora ga na bana, amma jerin bai cika canzawa ba. Uludag ne mafi tsada a ɗaki da abinci, ko da yake ba ya buƙatar tikitin jirgin sama na cikin gida. Erjiyes ne ke ba da hanya mafi yawa a kan kuɗin kati ɗaya, kuma kwana a gari yana rage nauyi sosai. Palandoken yana tsakiya idan an kwana a kan dutse, yana kuma da sauƙi idan an kwana a cikin Erzurum, gari mai ɗimbin ɗalibai saboda Jami'ar Ataturk da aka kafa a 1957. A ko'ina ana ba da hayar alluna da sanduna da takalma da riga da wando, don haka babu dalilin sayen su domin tafiya ɗaya. Abin da bai kamata a yi wa ƙwauro ba shi ne kuɗin malami. Awa biyu da malami a safiyar farko, yana koya wa mutum yadda zai haɗa kan allunansa su yi kamar bakin garma domin ya rage gudu ya tsaya, sun fi kwana uku na koyo a hannun aboki.

Idan ɗan kasuwa ne da ke Istanbul yana da yini ɗaya ko biyu, burinsa yara su taɓa dusa su hau motar igiya a ɗauki hoto, to ya tafi Uludag a tsakiyar mako, bayan ya duba hasashen yanayi da safiyar ranar ya tabbata lodos ba ta kaɗawa, kuma ya kwana a Bursa maimakon kan dutse. Idan wanda ya riga ya iya ne, yana da ƙoshin lafiya da tufafin kirki, yana neman dogon gangare da dusa mai laushi, ko kuma tafiyarsa ta faɗo a Disamba ko ƙarshen Maris, Palandoken ya fi masa. Amma mafi yawan masu yin wannan tambaya ba su taɓa ɗaura allo a ƙafa ba, suna da kwana huɗu ko biyar da kuɗi daidai gwargwado, suna kuma son su dawo sun iya wani abu, kuma su Erjiyes nake nuna wa ba tare da jinkiri ba. Su sauka a Kayseri ranar Lahadi da yamma, su kwana a gari, su kasance a ƙofar Tekir da ƙarfe tara na safiyar Litinin kafin rana ta taɓa dusar da motoci suka baje cikin dare, su bar rana ɗaya a buɗe cikin lissafinsu saboda iska, kuma kada su hau na'urar da ke zuwa sama sai malami ya ce ƙafarsu ta zauna.